Ranar da Na Zubar da Kaskon Hayaƙi

Yau kwana huɗu ke nan ban leƙa ko ƙofar gida ba. Ina zaune a ɗakin Innata, Allah ya jiƙanta, na jingina da gadon ƙarfenta, cajin wayata saura kaɗan, kuma ba ni da fuskar da zan fita da ita zuwa shagon mai sola. Don haka in kun ga rubutun ya zo a hargitse ku yi mini uzuri. Wanda ya saba da ni ya san ni. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, sunana Tahira, shekarata ashirin da huɗu, ina koyar da 'yan aji uku a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Kunci, inda gona take manne da gona, ba ka gane iyakar ta wani sai ka ga jerin gamba.

Mu uku ne a gidan. Ni, da Baba, wato Malam Iliyasu, mai karantar da magidanta littattafai a zaure bayan asuba, sai ƙanwarsa Gwaggo Furera da ta dawo zama da mu bayan rasuwar Inna. Gida ne babba, amma in ka cire kukan awaki da rediyon Baba, sai a wuni ba a ji muryar mutum ba.

Bayan rasuwar Inna abin ya fara. Haka kawai ina zaune sai gabana ya yanke ya faɗi, zuciyata ta riƙa dukan ƙirjina, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf, numfashi ya ƙi isata, na sakankance mutuwa ce ta zo. Ranar da ya kama ni a gidan bikin ƙawata, a tsakiyar mata, kafin magariba gari ya ɗauka cewa Tahirar gidan Malam aljanu gare ta. Manema biyu na rasa a wata guda. Ɗayan ma ko sallama bai yi mini ba, hotonsa kawai na nema na rasa a waya.

Yayata Ramlat, da take aure a birni, ita ta ja ni asibitin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Likitar mace ce, mai sanyin magana. Ta ce ciwon fargaba ne, kuma ana warkewa. Ta rubuta mini wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi farare, sannan ta kama hannuna ta ce, "Na haɗiya ne, yadda na rubuta kawai. Kada ki ba kowa. Kada a haɗa shi da maganin tari mai sa barci, domin numfashi yana iya tsayawa. Kuma kada ki yanke shi rana ɗaya, ni zan riƙa rage miki shi a hankali."

A hanya Yaya Ramlat ta ƙara nata. "Ki ja bakinki ki rufe. Aljanu ana yi musu ruƙiyya a wuce wurin. Amma in aka ji kina shan maganin asibitin nan, wallahi kin gama aure a garinmu."

Sai na ɓoye maganin da katin asibitin a cikin langar Inna ta ƙasan jere, wadda ba mai taɓawa. Haka na riƙa sha, daga ni sai Allah sai Yaya.

Ana nan Badaru ya ɓullo.

Wake da gyaɗa yake saye a kasuwannin ƙauye, duk Talata ya shigar da su birni. Ranar da ya fara yin sallama da ni yana sanye da shadda ruwan toka, hularsa ta sha kari, sai ƙamshi yake. Dogo ne, baƙi, mai 'yar wushirya, kuma ba ya kirana sai da Malama. Ya san zancen aljanun sarai, amma ya zo. Ku da kuke da samari rututu ba za ku gane ba. Ni da na shekara wayata ba ta ƙara sai in Yaya ce, ranar nan har waƙa na yi ina wanke-wanke.

Gwaggo kuwa tun a ranar ta sa ni gaba.

"Ke Tahira, wannan in kika bari ya suɓuce, to ki zaɓi ɗakin da za ki tsufa a gidan nan. Sa'anninki duk da goyo. Ban da faɗuwar nan taki a gabansa, kin ji ni ko?"

"Gwaggo, ai ba da gangan nake yi ba."

"Oho dai. Ki danne."

Ban iya ɓoye masa ba. Wata la'asar muna zaune a dakalin ƙofar gida, na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafina, na faɗa masa komai, har asibitin. Na gama ina jiran ya tashi ya kaɗe rigarsa.

Sai ya ce, "Shi ke nan, Malama?"

"Shi ke nan."

"To ni nan da kika gan ni, rabona da barcin kirki tun ranar da ƙanena ya rasu. A bayan babur ɗina yake, ni nake tuƙi. Da na rufe ido sai in ji ƙarar. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, namiji ba ya irin wannan maganar."

Wallahi sai na ji hawaye. Na ce ashe ba ni kaɗai ba ce a duniya. Na tashi na shiga gida, na buɗe langar Inna, na ɓallo guda ɗaya na kawo masa a cikin tafin hannuna. Ni na fara ba shi. Wannan ita ce maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma ku ne na farko da na faɗa wa ita da bakina.

Washegari da sassafe saƙonsa ya shigo: "Malama, jiya na yi barci kamar jariri. Allah ya bar mini ke." Na karanta shi ya fi sau ashirin.

Daga nan ya ce tunda duk Talata yana birni, in riƙa ba shi takardar likita yana karɓo mini, ya hutar da Yaya. Na ba shi da murnata. Karo na farko ya kawo cif. Na biyu ya ce mai kemis ya ce sun yi ƙaranci, rabi aka samu. Na uku ko rabin bai kai ba. Na koma raba ƙwaya biyu, wata rana in haƙura gaba ɗaya, hannuna ya riƙa rawa har alli yana faɗuwa a gaban yara. Duk da haka ban zarge shi ba. Ko kuma in faɗi gaskiya, na ƙi yarda in zarge shi.

Shi ma ya fara canzawa. Tari ya kama shi, busasshe, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Turarensa ya daina rufe wani ɗaci-ɗaci da yake tashi daga rigarsa, kamar an ƙona leda. Muna tsakiyar hira sai in ga kansa ya langaɓe, in ce "Badaru!" ya zabura ya ce gajiyar kasuwa ce. Abin da ya faɗa jiya ba ya tunawa yau. Saƙonninsa ma suka lalace:

"Mlm kna ina"

"ina snki kmar"

Shi ke nan, sai shiru har washegari. In zauna in yi ta kallon wayar ina jiran ƙarashen maganar.

Sati uku da suka wuce asiri ya tonu. Tarin ya sarƙe shi a dakali, ya zaro hankici da sauri, sai wasu abubuwa suka biyo shi suka zube a ƙasa. Ledar maganina ce, duk an ɓalle, da karan sigari guda biyu da aka kwance aka sake naɗewa, farin gari yana zuba daga bakinsu.

Na nuna su da yatsa.

"Badaru, mene ne wannan?"

Ya sunkuya yana tattarawa.

"Magana nake maka. Maganina kake ƙonawa kana zuƙa?"

"Haɗiyar ta daina yi mini komai, Malama. A tasha aka nuna mini, suka ce ta hayaƙi ya fi saurin zuwa kai."

"Su wa suka ce? Likitoci ne su? Kai ba ka jin ƙirjinka? Abin da aka yi don ciki kake tura wa huhunka! Ni kuma ka bar ni ina karkarwa a gaban yara!"

"Zan daina."

"Wallahi ko ka daina ko in faɗa wa Baba."

Sai ya ɗago jajayen idanunsa ya dube ni. Ba da faɗa ya yi maganar ba, da ma da faɗan ne da ya fi mini sauƙi.

"In kin faɗa, ki ce maganin wa?"

Na kawar da kai. Ya hau babur ɗinsa ya tafi, ni kuma na shiga gida na tarar da Gwaggo tana tankaɗe, ta dube ni ta ce, "Lafiya kika shigo da wuri? Kada dai ki ce mini kin ɓata masa rai." Na ce a'a. Na karɓe takardar daga hannunsa bayan kwana biyu, amma ashe ya riga ya san inda ake samu ba tare da ita ba.

A garinmu, saurayin da maganarsa ta yi ƙarfi yakan tara abokansa su yi wa surukinsa gayya a gona. Badaru ya sa ranar Asabar ɗin da ta wuce, girbin geron Baba. Tun da duku-duku muka tashi ni da Gwaggo, muka dama kunun tsamiya cikin babbar roba, muka jefa ɗanwake tukunya biyu. Gwaggo sai washe baki take, har sabon zaninta ta ɗaura. Ni na sa atamfata shuɗiya da farin mayafi, na zizara kwalli. Da hantsi na kai musu kunu. Samari goma sha biyu sun jeru cikin geron, suna yi suna tsokanar juna, suna cewa ango ya fi kowa lalaci. Shi kuwa ya yi mini murmushi daga nesa, gumi ya jiƙa masa singileti, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa.

Rana ta take tsaka muka ji ihu.

A amalanke aka kawo shi, shanu suna ja, abokansa suna biye suna salati. Suka ce ya ce zai je ya ɗan huta a gindin tsamiyar da ke bakin gonar, da aka ji shiru aka bi sawu aka tarar da shi a kife. Aka shimfiɗe shi a tabarmar Baba a zaure. Kafin a ce haka, zauren ya cika, mata sun yi dafifi ta ƙofar cikin gida, maza ta waje.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Tsamiyar nan? Da tsakar rana? Innalillahi! Ai sun taɓa shi. Wa ya aike shi gindinta a irin wannan lokaci?"

Kowa ya ce haka ne. Mahaifiyarsa, Inna Luba, ta iso a guje ko takalmi babu, tana kiran sunansa. Baba ya zauna a wajen kansa ya fara karatu yana tofa masa. Gwaggo ta ruga madafa ta ɗebo garwashi a kasko, ta zuba sassaƙe da habbatussauda da ɓawon tafarnuwa, irin hayaƙin da ni ma aka sha turara ni da shi. Aka kawo bargo za a lulluɓe shi da kaskon, don hayaƙin ya shige shi sosai.

Ina tsaye a bayan mata, ina leƙe ta kafaɗar wata. Na ga leɓensa ya yi duhu. Na ga numfashinsa yana fita da wani irin munshari, ya ja ɗaya, sai a daɗe, a daɗe, kafin ya ja wani. Sannan na ga kan kwalbar maganin tari ya leƙo daga aljihun wandonsa.

Maganar likita ta dawo mini tar, kamar tana tsaye a gefena.

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, ban yi magana nan take ba. Na tsaya ina lissafi. Na ce in na buɗe baki, gobe ba yaron da za a bari ya zauna a ajina. Na ce Baba da ake girmamawa, a zaurensa za a ji 'yarsa tana shan maganin asibitin ƙwaƙwalwa bai sani ba. Na ce wataƙila ma zai farfaɗo da kansa. Har addu'a na yi Allah ya sa wani ya ga kwalbar ya faɗa, ba ni ba. Ba wanda ya gani. Aka ɗaga bargon, aka tura kaskon kusa da fuskarsa, hayaƙi ya turnuƙe.

Ban san lokacin da na ratsa matan ba. Na fizge bargon, na sa ƙafa na yi fatali da kaskon, garwashi ya watse har kan buzun Baba.

"Ke! Tahira!" in ji Gwaggo. "Sun hau kanta ita ma! Ku riƙe ta!"

"Ba aljanu ba ne!" Muryata har ta ba ni tsoro. "Ƙwaya ce! Ƙwaya yake zuƙa a sigari, ga kuma maganin tari nan a aljihunsa. Numfashinsa ne yake tsayawa. In kuka ƙara masa hayaƙi kun kashe shi!"

Kowa ya juyo yana kallona.

Inna Luba ta miƙe tana nuna ni da yatsa. "Ɗana ne ɗan ƙwaya? Ke wa ya faɗa miki? Ina zai samu?"

Na dubi Baba. Ya daina karatun, yana kallona.

"A wajena ya samu," na ce. "Maganina ne. Na asibitin ƙwaƙwalwa. Wata takwas ina sha."

Na ji wata a bayana ta ce "Ashe!" Wannan kalmar har yanzu tana cikin kunnena.

Na shiga ɗaki da gudu, na ture jeren Inna, langa ta faɗo tana ƙara, na ɗauko katin da ledar da ta rage na kawo na miƙa wa Baba. "A nuna wa likita wannan, zai san abin da ya sha." Baba ya karɓa. Ya juya wajen samarin ya ce, "A samo mota. Yanzu." Aka kwantar da shi ta gefe a bayan akori-kura, Baba da Inna Luba suka shiga, aka tafi. Ni aka bar ni a zaure da garwashin da yake ci a ƙasa. Ni na share shi.

Tun daga ranar Gwaggo ba ta yi mini magana ba, sai dai ta ajiye mini kwanon tuwo a bakin ƙofa kamar baƙuwa. Ƙawayena biyu sun ga saƙona, ba amsa. Ina jin mata in sun zo wucewa ta bayan katanga sai su rage murya. Yaya Ramlat ta kira tana kuka, ta ce, "Me ya kai ki?" Daga baya ta sake kira ta ce, "Da ni ce ma haka zan yi." Ita ta faɗa mini Badaru yana raye, an sa masa iskar oksijin, likitoci sun ce hayaƙin ya yi wa huhunsa illa sosai, kuma da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai gawa. Na yi sujada a nan tsakar ɗakin. Sannan na ajiye wayar a kan cinyata na fara jiran kalma ɗaya daga wajensa. Ko godiya, ko zagi, ko mene ne.

Ɗazu bayan azahar na ji gyaran muryar Baba a ƙofar ɗakin nan. Rabonsa da tako nan tun ranar da aka fitar da Inna. Bai shigo ba, ya zauna a kan turmin da ke kife a bakin ƙofa, rigarsa duk ƙurar hanya. Ya turo mini wata 'yar farar leda ta ƙarƙashin labule.

"Na je wajen likitarki da katin. Ta ce kada ki yanke. Ta ce ranar Alhamis in kai ki da kaina."

Na jawo ledar.

"Tahira."

"Na'am, Baba."

"Wata takwas?"

"E, Baba."

"Ina cikin gidan nan?"

Ya daɗe a zaune. Ina jin ƙarar carbinsa. Can ya ce, "Ban kyauta ba," ya tashi ya koma zaure. Ni da na yi zaton duka ko kora, wannan maganar ita ta fi karya ni. Na kifa kaina a gadon Inna na yi kukan da ban yi ba tun ranar Asabar.

Ina cikin share fuska wayar ta yi ƙara. Sunan Badaru na gani. Wallahi sau biyu ina kuskure lambar buɗewa. Kwana huɗu ina tsara abin da zai ce da abin da zan mayar masa.

Ga abin da ya rubuto:

"Malama na farka. Jikina ba daɗi, ba sa ba ni komai a nan. Akwai saura a wajenki? Ko guda ɗaya. Zan turo a karɓa, ba wanda zai sani."

Na karanta sau uku. Na dubi farar ledar da ke gefena, sabuwa, ko buɗe ta ban yi ba. Ina son mutumin nan, ba zan ɓoye muku ba. Shi kaɗai ne ya taɓa jin ciwona bai gudu ba. Kuma na san halina, na san in ya kira na ji muryarsa a shaƙe, hannun nan da ya ba shi ta farko zai iya ba shi ta biyu.

Na yafa mayafina na fita. Gwaggo tana bakin murhu ta bi ni da kallo. Na yi sallama a ƙofar zaure, na durƙusa, na ajiye ledar a kan buzun, daidai inda garwashi ya ƙona.

"Baba, maganin nan a wajenka zai riƙa zama. Kullum in zo in karɓi na ranar."

Ya sa hannu ya ɗauka, ya jefa a aljihun gaban rigarsa, bai tambaye ni dalili ba.

A lokacin wayar ta fara ruri a hannuna. Baba ya dubi hasken, ya dube ni.

"Wane ne?"

"Badaru ne, Baba."

Ya miƙo hannu.